Harsashi Mai Nauyi, Mai Tafiya Sannu

A ƙasar Amurka akwai maharba da yawa waɗanda ba su sayen harsashi a kanti, su ke ɗura abinsu a gida. Cikinsu akwai masu neman harsashin da gudunsa bai kai na sauti ba.

Dalili kuwa shi ne, ƙarar bindiga iri biyu ce. Akwai ta tashin albarushi, akwai kuma tsawar da harsashi kan yi in ya wuce gudun sauti, watau kimanin mita 343 cikin daƙiƙa guda. In aka rage gudun, tsawar nan sai ta ɓace.

To, amma in gudu ya ragu ƙarfi ma ya ragu, don haka sai a ƙara nauyi. Harsashin .300 Blackout, wanda aka amince da shi a 2011, ƙwayarsa takan kai giram 14, alhali ta bindigar AR-15 da aka saba kimanin giram 4 ce.

Haɗarin yana wajen awo. In albarushi ya yi kaɗan ainun, ƙwayar sai ta maƙale cikin bututun bindiga. Maharbi bai sani ba ya sake harbi, ta biyu ta tarar da ta farko, bututun ya tsage a hannunsa. Shi ya sa ƙwararru ba su ɗuri da ka. Sikeli su ke bi, da littafin masu yin albarushin, kuma in suka ji ƙarar harbi ta sauya sai su duba bututun tukuna.