Tawa: a dubi cikin kwamfuta kafin a ƙirga kuɗi

A birnin Tawa, kwamfutar hannu ta zama kayan aikin ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati. Da yawansu an riga an yi aiki da su, sun shigo ta Ƙwanni ko Yamai, ko kuwa tsarabar ƴan ci-rani ce.

Kalmar «mémoire» ita ke ruɗin masu saye, domin abu biyu take nufi. Faifan ajiya kamar rumbu yake. RAM kuwa tabarmar da ake baza hatsi a kanta. Kome girman rumbu, in tabarma ƙarama ce, aiki ba ya sauri.

Ranar 14 ga Oktoba 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Windows 11 tana bukatar RAM jiga 4 aƙalla, amma mai lissafin kaya ko aikin ofis sai da jiga 8 zai samu sukuni.

Ƙari yana yiwuwa, sai dai da sharaɗi. DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna. A wasu siraran na'urori ma, an liƙe RAM da dalma, babu wurin ƙari. Ga shi kuma kuɗinta ya tashi ƙwarai a ƙarshen 2025.

Mutumin Keita ko Barmu da ya gano haka bayan ya koma gida, ya yi asarar kuɗi har da na mota. Saboda haka a kunna na'urar gaban mai sayarwa, a karanta adadin, a sa mai gyara ya duba gurbin. Gani ya kori ji.