Kulorin da Rijiyoyin Ƙasar Bici

Shirinmu na yau zai tsaya ne a bakin rijiya.

A ƙasar Bici, daga Badume zuwa Saye da Ɗanzabuwa, gidaje a matse suke da juna, gona kuma tana bakin ƙofa. Sau da yawa rijiya da masai suna gida ɗaya, taku kaɗan ne tsakaninsu, alhali masana lafiya suna son a bar tazarar mita 30. Da damina ta zauna, ruwan ƙasa ya taso, sai ƙazanta ta riƙa tsiyaya cikin rijiya. Ta nan amai da gudawa ke shigowa. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

To, a zuba kulorin kawai a huta? A'a. Idan rijiya ta cika da laka da ruɓaɓɓen ganye, su ne za su shanye ƙarfin maganin kafin ya taɓa ƙwayar cuta. Sai an fara yashe ta, an goge bangonta. Daga nan a kira dubagari ya auna yawan ruwan, ya narka garin kulorin a bokiti daidai gwargwado, ya zuba. A rufe rijiyar ta kwana, kada kowa ya sha. Washegari a yi ta ja ana zubarwa har warin ya lafa. Kuma don Allah kada a haɗa kulorin da wani sinadarin wanke bayan gida, hayaƙinsa guba ne.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙarfin kulorin ba ya daɗewa a buɗaɗɗiyar rijiya. Kwana ɗaya ko biyu ya tafi, domin sabon ruwa yana ɓuɓɓugowa, guga kuma yana kwana a ƙasa inda awaki ke takawa. A ganina kuɗin siminti na ɗaga bakin rijiya da yi mata murfi ya fi kuɗin magani amfani.

Ruwan sha kuwa, a jarka ko randa ake gyara shi. A saka ƙwayar kulorin ta Aquatabs yadda takardarta ta nuna, a jira minti 30. In ruwan ya gurɓace, a tace shi da tsaftataccen ƙyalle tukuna, sannan moɗa ta zauna a kan murfi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.