Ingilishin Kasuwa: Abin Da Ya Kamata Mu Tuna Kafin Mu Ce "Yes"

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata da ƴan uwanmu ƴan kasuwa, duk wanda ya zaga Babbar Kasuwar Yamai ko Katako ko Wadata, ya duba kwalayen da aka jibge a bakin shaguna, zai ga akasarin rubutun da ke jikinsu da Ingilishi ne. Madara, taliya, sabulu, batir, takalma, atamfa, wasu daga Kano da Ikko, wasu daga Dubai da Gwanju ta ƙasar Sin, wasu kuma sun biyo ta tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana. Muna saye, muna sayarwa, amma mu nawa ne ke iya karanta abin da aka rubuta a jikin kayan da muka zuba jarinmu a ciki?

A nan Nijar in an ce "Turanci", Faransanci ne ke fara zuwa a ran mutane, shi ya sa muke cewa Ingilishi don bambantawa. Duk wanda ya shiga koleji ya soma shi tun daga aji na farko, ya kuma yi jarrabawarsa a BEPC. Sai dai da yawa daga cikinmu ranar da muka aje kaye da bik, ranar muka yi ban kwana da shi. To ga shi yau kasuwa ta dawo mana da shi har bakin shago.

Me ya sa yanzu?

Iyakarmu da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma daga Gaya zuwa Kamba, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, kullum kaya na ƙetarawa. A Kantin Kwari ko kasuwar Dawanau a Kano, Hausa ta ishe mu ciniki. Amma takardar banki, da rasit, da takardar kwastan duk da Ingilishi ake rubuta su. Masu kai albasar Galmi Kumasi da Ankara ta Ghana su ma sun san haka. A Dubai da Gwanju kuwa, in ba ka da Larabci ko Sinanci, Ingilishi ne kaɗai gadar da ke tsakaninka da mai kaya. In ba ka da shi sai ka ɗauki tafinta, shi kuwa tafinta ba don Allah yake yi ba, yana da ladarsa, wani lokaci ma a wurinka da wurin mai kaya gaba ɗaya.

Ban da wannan, kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a ƙarshen watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ce Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Ke nan Ingilishi ya samu matsayin da ba shi da shi a da a dokar ƙasarmu.

Ba daga sifili za mu fara ba

Wani abin da ke kashe wa mutane gwiwa shi ne tunanin cewa harshen baƙo ne ƙwarai. Alhali kuwa kullum muna yin sa ba mu sani ba. Farashi daga "price" ya fito, canji daga "change", katan daga "carton", dozin daga "dozen", yadi daga "yard", rasit daga "receipt", oda daga "order", lodi daga "load", lamba daga "number". Kakanninmu sun ari waɗannan kalmomi tun zamanin fam da sule, suka gyara su daidai da bakin Bahaushe. Abin da ya rage mana shi ne mu gane su in mun gan su a rubuce.

Har ila yau, akwai inda Ingilishi ya fi kusa da Hausa fiye da Faransanci. Muna cewa farar shinkafa, su ma suna cewa "white rice", launi a gaba, abu a baya. Sannan babu wahalar nan ta "le" da "la" da ta sa aka sha bulala a lakwal: tebur da kujera da mota duk "the" ne.

Lissafi: nan kuɗi ke zubewa

Tarko na farko namu ne na gida. Mu da dala muke ƙirga kuɗi. In Hajiya ta ce ɗari, tana nufin sefa 500, in ta ce jika tana nufin sefa 1000. To idan ta juya wannan ɗarin kai tsaye ta ce wa baƙo "one hundred", ta karya farashin kayanta kashi biyar da bakinta. A Ingilishi adadin da ke rubuce a jikin takardar kuɗi ake faɗa: ɗari tamu "five hundred" ce, jika kuwa "one thousand".

Tarko na biyu shi ne lambobin da ke kama da juna a kunne. "Thirteen" 13 ne, "thirty" 30. "Fifteen" 15 ne, "fifty" 50. Haka abin yake har zuwa 19 da 90. A waya, ga hayaniyar kasuwa, ga layi na yankewa, kowa na iya ruɗewa. Mu ɗauka ka yi odar katan 15, mai kaya ya ji 50: wa zai biya katan 35 ɗin da suka ƙaru, da kuɗin motarsu, da na duwan? Maganin abin shi ne a rarraba lambar, a ce "one five" ko "five zero", sannan a bi da saƙo a rubuce.

Na uku shi ne waƙafi da ɗigo. A lakwal an koya mana cewa 1,5 ɗaya da rabi ne. A takardar Ingilishi ɗaya da rabi 1.5 ake rubuta shi, waƙafi kuwa dubbai yake rabawa, wato 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Sannan abin da muke kira miliyar, su "billion" suke ce masa.

Awo da kwanan wata

Masu sayar da yadi su lura: yadi bai kai mita ba. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗan ɗoriya. Wanda ya biya kuɗin mita 100 aka auna masa yadi 100, ya yi asarar fiye da mita 8. A jikin kwali kuwa, PCS na nufin guda nawa ne a ciki, QTY yawan kaya, CTN katan. N.W. nauyin kaya zalla ne, G.W. nauyinsu haɗe da kwali. Mai dakon kaya a jirgi da nauyi na biyun yake lissafi, ke kuwa Hajiya na farkon za ki sayar.

Maganar kwanan wata ta wuce asarar kuɗi, ta shafi lafiyar jama'a. MFG ranar da aka yi kaya ce. EXP ko "expiry date" ranar da wa'adinsu ke cika. "Best before" na nufin ingancinsu na raguwa bayan wannan rana. Sai dai kowace ƙasa da yadda take jera lambobin. Mu da Ingila da Najeriya rana muke sawa a gaba, don haka 03/08 a wurinmu 3 ga Agusta ne. A Amurka wata ne a gaba, wato 8 ga Maris ke nan. Sinawa kuma da shekara suke farawa. Bambancin kusan wata biyar a kan madarar jarirai ba abin wasa ba ne. Kayan ci da magunguna na Najeriya kuwa, a nemi lambar hukumar NAFDAC a jikinsu.

Kalmomi masu kama da wane

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Wanda ya yi Faransanci yana da sa'a, don kalmomi da yawa sun yi tarayya a harsunan biyu. Amma akwai masu yaudara. "Sale" a Faransanci ƙazanta ce, a Ingilishi sayarwa ce, ko rangwamen farashi. "Balance" a wurinmu sikeli ne, a takardar ciniki kuwa ragowar kuɗin da ake bin ka ne. "Location" ba haya ba ce, wurin da abu yake ne. "Magazine" mujalla ce, ɗakin aje kaya "store" ne ko "warehouse". "Delay" jinkiri ne, ba wa'adin da aka ba ka ba. Kuma kada ka ce wa abokin ciniki "I demand" da nufin roƙo, don a kunnensa umurni kake ba shi. Ka ce "please" kawai.

Akwai kuma kalmomi guda shida da ya wajaba kowane ɗan kasuwa ya riƙe: "invoice" takardar lissafin kaya da farashinsu, "receipt" shaidar an biya, "deposit" kafin alƙalami, "discount" ragi, "refund" mai da kuɗi, "delivery" kawo kaya. Mu kula, "invoice" ba shaidar biya ba ce. In ka biya, ka karɓi rasit.

Nahawu: jiya, yau da gobe

Ba sai mun haddace littafi ba. Ɗan kasuwa abu uku yake bukatar bambantawa: an yi, ana yi, za a yi. A Hausa ƴar kalmar da ke gaban aiki ce ke nuna lokaci: na biya, ina biya, zan biya. A Ingilishi sau da yawa aikin kansa ne ke sauya kama. "I paid" ko "I have paid", na biya. "I will pay", zan biya. "I sent", na aika. "I will send", zan aika. In mai kaya ya rubuto "I will send the goods", kada ka je tasha jiran mota, alƙawari ne kawai ya yi. Sai ka ga "I have sent" tukuna, sannan ka nemi lambar mota da ta direba.

Yawancin ayyuka "ed" ake ƙara masu a nuna sun wuce, kamar "load" da "loaded". Amma waɗanda muka fi amfani da su a kasuwa masu taurin kai ne, sai an haddace su: "buy" ya koma "bought", "sell" ya koma "sold", "pay" ya koma "paid", "bring" ya koma "brought", "give" ya koma "gave", "take" ya koma "took".

Sai tambaya. "How much" ta kuɗi ce da abin da ake aunawa, kamar mai da gari. "How many" ta abin da ake ƙirgawa ce, kamar buhu da katan. Haka kuma "borrow" karɓar rance ne, "lend" ba da shi. Wanda ya musanya su a takarda, ya mai da kansa mai cin bashi alhali shi ke bi.

Mu sani kuma, buroka da ake yi a tashoshin mota da kasuwannin Ikko da Onica harshe ne mai zaman kansa. Yana fid da mutum a ciniki, amma ba a rubuta takardar banki da shi, kuma Basine ba zai gane shi ba.

Rubutu shi ne shaida

Mu mutane ne masu doguwar gaisuwa, kuma abin alfahari ne. Amma saƙon ciniki gajere ake so. Abu biyar ya ƙunsa: wane ne kai, wane kaya, guda nawa, nawa ne, yaushe. Misali: "Good morning. I want 15 cartons of soap. What is your last price? When can you send them? Please confirm." Ma'ana: ina kwana, ina son katan 15 na sabulu, nawa ne gaskiyarsa, yaushe za ka iya aikowa, don Allah ka tabbatar mani.

Kowace jimla magana ɗaya. A rubuta adadi da lamba, a faɗi irin kuɗin, sefa ne ko naira ko sidi ko dalar Amurka. A rubuta sunan wata da haruffa, kamar "3 August". Saƙon murya na WhatsApp yana da sauƙi, amma ranar gardama rubutu ya fi saurin raba ta. Manhajar fassara ta Google ta sa Hausa a ciki tun 2013, tana kuma taimakawa, sai dai ba ta san ɗari tamu sefa 500 ce ba. Kada a sa hannu a takarda don salula ta ce babu komai.

Abu mafi girma: kada mu ce "yes" ko "OK" don jin kunya. A Ingilishin ciniki "yes" amincewa ce. In ba ka gane ba ka ce "Please repeat", wato maimaita, ko "Write it down", wato rubuta mani. Matambayi ba ya ɓata.

Ina za a koya?

Koyar da Ingilishi ya daɗe a ƙasar nan. Rukunin farko na Amurkawa ƴan sa kai na Peace Corps da suka sauka Nijar a 1962 malaman Ingilishi ne, kuma ƙungiyar ta yi aiki har 2011. Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen Ingilishi, ɗalibanta kuma suna zaune tare da mu a unguwanni. Mata biyar ko goma masu adashi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su ɗauki ɗalibi guda ya riƙa zuwa sau biyu a mako, da sharaɗin ya bar labarin birnin Landan, ya zo da rasit da kwali a yi karatu a kansu.

Malami mafi kusa kuwa yana cikin gida: yaron nan ko yarinyar nan da ke koleji. In sun taso, a miƙa masu kwali su karanta. Uwa ta ƙaru, ɗa ya yi bita. A sayi ƙaramin kaye a aje kusa da akwatin kuɗi, kullum a rubuta kalma uku da aka gani a jikin kaya. Kalma uku a rana, a wata uku sun kai 270, sun kuwa ishi mutum ya karanta takardar kayansa da idonsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ba mu ce kowa ya zama Bature ba, Hausarmu da Zabarmancinmu sun ishe mu alfahari. Amma jarin da aka tara da gumi bai kamata ya salwanta saboda waƙafi ɗaya ko kalma ɗaya ba. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kare mu daga asara, amin.