Mai gyaran kwamfuta a ƙasar Gumel

Kukan da masu shagunan buga takardu na kusa da Kwalejin Ilimi ta Gumel suke kawowa kusan ɗaya ne: "Injiniya, kwamfutar nan ta yi nauyi." Daga Gagarawa da Sule Tankarkar ma a bayan babur ake ɗauko ta, an naɗe da zani saboda ƙura.

Wanda ya goge a sana'ar ba ya gaggawar cewa a sayi sabuwa. Yakan fara buɗe akwatin ya hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka, domin na'urar da ta ɗau zafi da kanta take rage gudu. Sai ya ƙara mata ram daga giga 4 zuwa 8, ya cire tsohon faifan ajiya mai juyawa ya sa SSD. Yawancin kayan gwanjo ne na HP da Dell, daga kasuwar Farm Centre ta Kano. Wannan gyaran na ciki ne, in an kwafe abin da ke tsohon faifan zuwa sabon, mai shago zai tarar da komai a inda ya bar shi.

Wuyar aikin tana wajen manhaja. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar da, ita kuwa Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Ko da na'urar ta karɓa, akwai yarinyar da ta yi shekaru tana buga kundin ɗalibai da Word 2007, yatsunta sun haddace mazaunin kowane abu. Akwai tsohuwar firinta da ba lallai ta yi aiki da sabon tsarin ba. Akwai kuma rubutun Hausa da aka buga da salon haruffa na Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. In aka manta ba a kwafo shi ba, ɓ da ɗ da ƙ sai su rikiɗe su koma wasu alamomi, aikin wata guda ya dagule. A ganina, saurin da ya jawo wannan, asara ce aka saya da kuɗi.

Shi ya sa nake girmama mai gyaran da yake tambaya kafin ya ɗauki sukundireba: "Alhaji, wane aiki take yi, wa yake zama a kanta?" Wadda ake harkar banki a kanta dole a sabunta, tunda bayanan mutane ne ke bi ta cikinta. Wadda aikinta katin biki da CorelDraw ne, ba ta hawa intanet, a ƙara mata ƙarfi a bar mata fuskarta.

Lokaci ma yana cikin lissafinsa. Ba ya taɓa kwamfutar shagon da ke Maigatari ranar Laraba, domin Alhamis kasuwa ke ci, fatake daga Nijar da kudancin Najeriya na jiran takardunsu. Sai Asabar yake komawa, ya zauna da yaron shago har hannunsa ya faɗa.