Almajirin Katsina a Masallacin Madina

Tun da aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a shekarar 1961, 'ya'yan ƙasar Hausa ke zuwa can neman ilmi.

To, almajirin da ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo ta Tamawa ko Kurfi, ran da ya fara shiga Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya ɗauki Mus'hafi, sai idonsa ya yi tuntuɓe. Fa, wadda ya sani da ɗigo a ƙasa, ga ta da ɗigo a bisa. Ƙaf kuwa ɗigo biyu gare ta. Aka ta da salla, ya ji liman ya ja wani mim a Fatiha, wanda malaminsa bai taɓa ja ba. Nan zuciyar yaro kan karaya, har ya riƙa tsammanin karatun gida batacce ne.

Subhanallahi! Su ruwayar Hafsu suke bi, daga Asimu mutumin Kufa. Tamu kuwa ta Warshu ce, Bamisire, wanda ya tako har Madina ya yi karatu gaban Nafi'u, limamin makarantan birnin, da ya rasu a 169 bayan Hijira. Imamu Malik kansa wurin Nafi'u ya ɗauki ƙira'a. Watau abin da yaron ya wanke a allonsa, asalinsa daga garin da ya baƙunta ne.

Maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina tana buga Mus'hafin Warshu. Duk wanda ɗansa zai tafi, ya gaya masa ya tambaye shi da sunansa.