Idon Da Ke Rarrabe Itatuwa Daga Sama

A hutun da ya wuce na ziyarci kawuna, wanda ya shekara ashirin da 'yan kai yana aikin malamin daji. Ran nan da la'asar muna zaune bisa wani tudu a bayan gari, sai ya nuna itatuwan da ke can nesa ya ce, "Kai ɗan makaranta, faɗa mini sunayen waɗancan." Na duba, na sake dubawa, ban ga kome ba sai kore. Shi kuwa ya shiga jera su ɗaya bayan ɗaya: waccan kaɗanya ce, wancan marke ne, ga ɗorawa, ga kirya a gefe.

Kunya ta kama ni. Don in fanshe, sai na ce masa ai malaminmu na labarin ƙasa ya nuna mana taswirar wani daji a Amurka, wanda jirgin sama ya rarrabe irin itatuwan cikinsa daga nisan kilomita 20 a sama. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "To, in haka ne, ɗana, mu ina amfaninmu? An kusa sallamarmu ke nan." Na rasa abin da zan ce masa.

Da muka komo makaranta na dami malam da tambaya, na kuma karanta abin da ya ba ni. Abin da na fahimta shi ne nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, har da shi Kawu.

Dajin da ake magana sunansa Yalosuton. Yawancinsa yana cikin jihar Wayomin ta Amurka, an kuwa keɓe shi tun shekarar 1872, watau shi ne gandun daji na ƙasa na farko a can. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 9,000, ga duwatsu, ga kwazazzabai, ga ƙanƙara da kan rufe shi watanni da yawa a shekara. Akwai ɓaunar Amurka a ciki, da wata ƙatuwar barewa mai ƙaho kamar rassan itace, da kyarketai, da wani babban naman daji mai gashi da manyan farata da ake kira beyar.

Me ya sa masu kula da wannan daji suke bukatar taswirar itatuwa da ciyayi? Dalili shi ne, dabba tana bin abincinta. Ga misali. A kan tsaunuka akwai wani itace mai ganye kamar allura, wanda sunansa a Turance ke nufin "mai farin ɓawo". 'Ya'yansa suna da mai ƙwarai. Kurege yakan tara su ya binne, shi kuwa beyar sai ya zo ya tone rumbun kurege ya cinye, don ya yi ƙiba kafin ya shiga rami ya yi barcin watannin sanyi. Masana sun lura cewa shekarar da itacen bai yi 'ya'ya sosai ba, beyar yakan gangaro kusa da mutane neman abinci, a yi ta arangama, a kashe wasu. Ga shi kuma wata cutar funfuna da ta shigo daga ƙetare da wani ƙwaro mai huda ɓawo sun tasa itacen a gaba, har a ƙarshen shekarar 2022 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin tsirran da ake tsoron ƙarewarsu. Daɗin daɗawa, gobarar 1988 ta cinye kimanin kashi 36 cikin ɗari na gandun, ta bar tsofaffin taswirori a baya. Ka ga ke nan, sanin inda kowane irin itace yake magana ce ta rai da mutuwa, ga dabba da mutum duka.

To, amma yaya za a rarrabe su daga sama, alhali duk kore ne? Nan sai mun yi maganar haske tukuna.

Kowa ya san bakan gizo. Hasken rana da muke gani fari, ashe launuka ne a haɗe, ɗigon ruwan sama ne ke warware su. Masana kimiyya sun ce haske yana tafiya ne kamar igiyar rediyo, kowane launi da tsawon zangonsa. Iyayenmu masu murɗa rediyo sun san wata tasha tana kan mita 49, wata tana kan mita 31. Haka haske yake, sai dai zangonsa ƙanƙane ne ainun, da nanomita ake auna shi. In ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Idon mutum yana kama abin da ke tsakanin nanomita 400, wajen shuɗi, zuwa 700, wajen ja. Bayan ja kuwa akwai sauran haske wanda ba mu gani. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya gano haka a 1800, sa'ad da ya ajiye ma'aunin zafi gaba kaɗan da jan launi, inda ido bai ga kome ba, ya ga ma'aunin ya hau.

A cikin idonmu akwai ƙwayoyin ganin launi iri uku kawai. Ashe idonmu rediyo ne mai kama tasha uku. Na'urar da aka ɗauki dajin Yalosuton da ita kuwa tasha 224 take kamawa a lokaci guda, tun daga wajen nanomita 400 har zuwa 2,500, kowace tasha faɗinta kamar nanomita 10. Sunanta AVIRIS. Wata cibiyar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, da ke jihar Kalifoniya ita ta ƙera ta, ta fara aiki a 1987. Don a ga bambanci, tauraron ɗan adam na Landsat na farko, wanda aka harba a 1972, zango huɗu kaɗai babbar na'urarsa take kamawa.

Akan ɗora AVIRIS cikin wani jirgi mai dogayen fukafukai da ake kira ER-2, wanda ke tashi kilomita 20, watau wajen ninki biyu na inda jiragen fasinja ke bi. Yana tafe tana share ƙasa daga hagu zuwa dama kamar mai shara da tsintsiya, faɗin sharar kusan kilomita 11. Tana yanka ƙasar gida gida, kowane gida kimanin mita 20 a tsaye da kwance. A kowane gida sai ta auna yawan hasken da ya dawo a duk zangon nan 224. In aka jera awon a takarda, sai ya ba da wani layi mai hawa da gangara kamar tuddai da kwaruruka.

Wannan layi shi ne asirin abin. Ganye ba ya mai da duk hasken da ya sauka a kansa, yakan shanye wani. Sinadarin nan da ke sa ganye kore, kulorofil, yana shan ja da shuɗi don ya haɗa wa tsiro abinci, shi ya sa layin ke yin kwari mai zurfi a wajen nanomita 680. Da an wuce 700 sai layin ya yi tsalle sama, domin lafiyayyen ganye yana mai da hasken nan na bayan ja da yawa. Ruwan da ke cikin ganye shi ma yana shan nasa, yana barin kwari a wajen 980 da kuma 1,200. Tun da yake itatuwa sun bambanta wajen yawan kulorofil da ruwa, da yadda ganyensu ke cunkushe, da irin inuwar da rassansu ke yi, sai zurfin kwarin da siffarsa su bambanta. Kamar dai yadda a da akan dubi zanen fuskar mutum a faɗi garinsu tun bai buɗe baki ba.

Ran 7 ga Agusta, 1996, jirgin ya bi ta kan Yalosuton. Masanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka, a ƙarƙashin Raymond Kokaly, su suka yi aikin awon, suka buga sakamakonsa a 2003. Ga matakan da suka bi.

Da farko sai da suka tace awon. Hasken ya ratso iska sau biyu, saukowa da komawa, tururin ruwa da ƙurar da ke cikin iska kuwa sun taɓa shi. Don haka sai da mutane suka je wani fili a ƙasa da na'urar hannu, suka auna ainihin hasken da yake mayarwa, aka gwama da abin da jirgi ya gani, aka gyara sauran duka.

Na biyu, suka yi abin da suka kira laburaren haske. Suka zaɓi wuraren da aka riga aka san abin da ke tsiro a cikinsu, suka ɗebi layin kowane wuri suka rubuta masa suna. A cikin masu aikin akwai Don Despain, masanin tsirrai wanda ya daɗe yana aiki a gandun, har ya wallafa littafi a kan tsirransa a 1990.

Na uku, suka sa wata manhajar kwamfuta mai suna Tetracorder ta ɗauki kowane gida na hoton, ta gwada kwaruruwan layinsa da na laburare, ta ba shi sunan wanda ya fi kama da shi. Sa'an nan aka shafa wa kowane suna launinsa, taswira ta fito.

A Kwarin Lamar, inda dabbobi ke kiwo, taswirar ta ware filin ciyawa da na ƙananan sagagi masu toka-tokan ganye da tsirran fadama. A cikin kurmi kuwa ta ware itatuwa masu ganyen allura kashi huɗu, har da mai farin ɓawon nan na beyar, da wani miƙaƙƙe wanda mutanen asalin ƙasar kan yi dirkar bukka da shi, wanda shi ya fi kowane yawa a gandun. Da aka gwada ta da wata taswira da aka zana daga hotunan jirgi na yau da kullum, a yankin Dutsen Washban, sai suka dace a kashi 74.1 cikin ɗari.

Kada mai karatu ya wuce wannan lamba da sauri. Ma'anarta ita ce, a wajen wuri ɗaya cikin huɗu taswirorin biyu sun saɓa. Ba abin mamaki ba ne. Fili mai mita 20 yana iya ƙunsar itace iri biyu da ciyawa da dutse, haskensu ya cuɗe. Layin itace guda yakan sauya daga bazara zuwa kaka, ko in ƙishirwa ta kama shi. Girgije kuma in ya tare, shi ke nan, na'ura ba ta ganin ƙasa. In taswira biyu suka yi gardama a kan wani wuri, wa zai raba su? Sai wanda ya sa takalmi ya je gindin itacen ya duba. Gani ya kori ji.

Yanzu irin wannan ido ya hau sama da jirgi. Italiya ta harba tauraron PRISMA a 2019, Jamus ta harba EnMAP a 2022, kowannensu yana kama zango fiye da 200, yana yanka ƙasa gida gida na mita 30. Suna kewaya duniya, har da sararin ƙasarmu. Amma hasken da ya dawo daga kaɗanya ba ya zuwa da suna a goshinsa. In ba a sami wanda ya tsaya ƙarƙashinta ya ce "wannan kaɗanya ce" ba, abin da kwamfuta za ta riƙe lambobi ne kawai.

Saboda haka, Kawu, ga amsar da na kasa ba ka a kan tudu. Jirgin yana ganin abin da ba ka gani, yana kuma gama yankin da za ka yi shekaru kana takawa cikin yini guda. Amma a farkon aikin mutumin ƙasa ne ya gyara masa awo, a tsakiya shi ya koya masa sunaye, a ƙarshe kuma shi ke duba ko ya faɗi daidai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin tsoron ma yana wajenmu ne, mu 'yan makaranta. Na iya faɗin zangon da kulorofil ke sha, amma na kasa rarrabe marke da kirya a bayan garinmu. In irin su Kawu suka yi ritaya ba mu karɓi abin da ke kansu ba, ranar da za a so yi wa dazuzzukanmu irin wannan taswira wa zai cika laburaren? Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, kowa in ya je hutu ya nemi wani dattijo ya koya masa itatuwa ko da goma ne, da sunansu da kamanninsu da amfaninsu, ya rubuta. Iyaye kuma a daure a riƙa yi mana irin tambayar da ta kunyata ni. Ni dai na riga na sayi sabon littafin rubutu, hutu mai zuwa da shi zan koma wurin Kawu.