Bashin Wuta a Birtaniya: Laifin Kamfani, Amma Ni Na Biya

Nan Birtaniya, kuɗin wuta kai tsaye kamfani ke cire min daga banki duk wata, wato Direct Debit. Ashe wata 5 ba su cira ba, kuskurensu ne. Kwatsam sai ga takardar bashi!

To jama'a, kuskurensu ba ya goge bashin, tunda na sha wutar. Amma a ƙa'idar hukumar Ofgem, in su suka kasa cajinka daidai, ba za su nemi kuɗin wutar da ka sha sama da wata 12 baya ba. Kuma dole su tsara maka biya daidai ƙarfinka. Ni kaɗan-kaɗan nake biya. In ƙorafinka ya kai mako 8 ba gyara, garzaya Energy Ombudsman.

Don Allah ku riƙa leƙa asusunku!